Waƙar da Imoro Bai San Ma'anarta Ba

Imoro mutumin Zangon Kumasi ne. Allah ya ba shi murya mai daɗi, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ko shayi ba ya jira ya huce. A shekarar 2012 yayarsa Ayishetu, mai aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, ta samo masa biza da aikin kai abinci a wani otal a Dubai.

A otal ɗin akwai wani tsohon mawaƙi, Nino Castellano, Ba'amurke ɗan asalin Italiya. Ya fara waƙa tun yana share gashi a shagon askin mahaifinsa. Ya yi shekara arba'in yana yawon gidajen rawa a Amurka, ya fitar da faifai biyu, sannan aka daina yayinsa. Yanzu yana rera wa masu cin abincin rana. Salonsa shi ne ya kawo makirufo daf da baki, ya rera a hankali kamar mai yi wa masoyiya raɗa.

Wata rana Nino ya ji Imoro yana kwaikwayonsa a bayan kicin. Ya ɗauke shi ya fara koya masa waƙoƙin Italiyanci. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ya rera waƙa gaban jama'a sai an fassara masa ita kalma kalma.

Wata huɗu suka wuce, waƙa uku kacal suka gama. Imoro ya kasa zaune ya kasa tsaye. A bas yana rerawa, a ɗakinsu na unguwar Al Ras yana rerawa. Ya haddace wasu goma da ka, ba tare da sanin tsohon ba.

Ya kai wa Ayishetu ƙara. "Yaya, tsohon nan danne ni yake yi. Kullum shwaiya shwaiya, wai sannu sannu!"

Ta ce, "Kai da Hausar ma ba ka iya jiran mutum ya kai aya, shi ne za ka yi Italiyanci? Imoro, bizarka a hannun otal ɗin nan take. Ka bi a sannu."

Ana nan sai wasu Italiyawa suka kama zauren otal don liyafar aure. A ranar sai Nino ya tashi da mura, muryarsa ta dishe. Ya roƙi manaja a bar Imoro ya hau. Da hannu ya nuna wa Imoro yatsu uku, wato waƙoƙin nan uku kawai.

Imoro ya rera ukun, aka yi ta tafi. Kansa ya kumbura. Ya raɗa wa mai fiyano ya buga wata daga cikin goman, wadda ta fi duka daɗin sauti. Ya lumshe ido, ya je gaban amarya, ya durƙusa yana rerawa.

Zauren ya yi tsit. Imoro ya ɗauka daɗi ne ya kama su, sai ya ƙara miƙa mata hannu. Amarya ta fashe da kuka. Uwar ango ta miƙe tana faɗa, ango ya fizge makirufon.

Kafin la'asar an karɓe katin aikinsa. Manaja ya ce, "Khalas, shi ke nan. Za a soke bizarka."

Nino ya same shi a ƙofar ma'aikata. Da ƙyar muryarsa ke fita. "Ka san abin da ka ce mata? Ka ce, maci amana, jiya kina hannuna, yau kin sa farar riga don kuɗinsa."

Imoro ya dafe kai. "Wallahi, Baba, ban sani ba!"

"Na san ba ka sani ba. Wata biyu suka rage in koma gida. Na riga na ba manaja sunanka ka gaje ni."

Ayishetu ce ta raka shi filin jirgi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa kaɗai ba ta isar mutum. Wanda ya samu mai koya masa, to ya jira a gama, domin sau da yawa jinkirin malami tanadi ne yake yi masa. Kuma kada mutum ya bar bakinsa ya furta abin da bai san ma'anarsa ba, komai daɗinsa a kunne.