Yadda Kurege Ya Rage wa Goje Tumbi

Ku matso kusa, ga ta nan tafe, kowa ya gyara zama.

A wata shekara Kurege bai yi noma ba. Ba ciwo ya yi ba, lalaci ne tsagwaronsa. Kaka ta yi, kowa yana ɗaure dami, shi kuwa cikinsa sai ƙugi yake kamar an zuba kwaɗi a tulu.

Yana cikin yawon neman abin sawa a baki sai ƙamshin miyar kuka da man shanu ya doki hancinsa. Daga gidan Goje ne, bijimin da yake riƙe da kambun kokawar garin. Kurege ya leƙa ta kafar zana. Ga tuwo malmala-malmala a akushi, ga Goje ya yi tagumi, matarsa Tabawa tana ta faɗa.

"Maigida, ka ci mana! Tun ɗazu ya huce."

"Ina na ga ta cin abinci, Tabawa? Ranar kasuwa Gwanki zai hauro daga tsallaken kogi mu kara. Kin san shi, jiki ba nauyi, ƙafa kamar walƙiya. Ni kuwa dubi tumbin nan! In ya kayar da ni kambuna ya tafi, makaɗa su manta da sunana."

Kurege ya yi tsalle ya dire, ya ce a ransa, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babban ciki! Yau Allah ya kashe ya ba ni."

Da gari ya waye sai ya samo buhun fulawa, ya huda masa wuya ya zura. Ya ƙera tabarau na karan dawa ya ɗora a hanci, ya rataya gora, ya je ya rangaɗa sallama.

"Ni ne Likita Na-Gabas! Ni na rage wa Dorina ƙiba har ta koma hawan giginya. Ni na sa Giwa tsallen igiya. Zakaran fage, cikinka ne ya yi datti, wanki yake so. 'Yan kwanaki kawai, ba tuwo, ba fura, ba dusa. Zoɓo da safe, ruwan tsamiya da rana, da yamma a matse maka kankana. Kafin ranar kasuwa ka zama kamar tsinke."

Tabawa ta harare shi. "To, Likita, in daina ɗora tukunya ke nan?"

"Kul, uwargida! Ki riƙa tuƙawa kamar kullum, har ki ƙara man shanu. A ajiye a gabansa ya zura masa ido, ƙibar ta fita daga jikinsa ta shige cikin tuwon. Ni kuma in ɗauka in kai bayan gari in binne, kada wani ya ci ya kumbura."

Ku ji ƙarya, jama'a! Amma Goje ya ce wallahi bai taɓa jin ilimi irin wannan ba. Ya zauna yana kallon tuwo, yawu na dalala, yana kurɓar zoɓo. Likita ya ɗauki akushi yana toshe hanci, wai warin ƙiba ya dame shi. Yana kaiwa bayan gari ya binne tuwon tas, a cikin cikinsa.

Da gari ya waye ruwan tsamiya ya fara aiki. Goje ya yi ta zarya bayan gida har ya fitar da hanya. Da ya ɗaura warkinsa na kokawa sai ya ji igiya ta yi sako-sako. Wayyo daɗi! Ya fito yana rawa yana nuna wa maƙwabta. Bai san ruwa ne kawai ya tsiyaye ba, kitsen yana nan zaune daram.

Kura, maƙwabciyarsu, ta gani ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Likita ya rubuta mata ruwan lemo, ya sa ta zauna tana kallon kilishinta tana hawaye, sannan ya kwashe shi ma ya tafi binnewa. Ranar sau biyu aka yi jana'iza a bayan gari.

Da gari ya waye Goje ya je ɗaga turmin da ya saba motsa jiki da shi, turmi ya ce bai san zancen ba. Ya yunƙura, jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas.

"Likita, ƙafafuna rawa suke yi."

"Madalla! Dattin ne yake sallama. Ni ma nan da ka gan ni, rabona da tuwo har na manta. Ƙaro masa zoɓo, uwargida!"

Ranar kasuwa fage ya cika maƙil. Makaɗa suka saki ganga, Goje ya shigo yana kirari da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya. Gwanki kuwa tuwonsa ya ci ya ƙoshi kafin ya hauro. Suka sunkuya, suka kama. Kafin makaɗi ya sauke hannu Gwanki ya sure Goje, ya juya shi sama, ya shimfiɗa shi a ƙasa, tim! Aka kwance kambu aka ɗaura wa baƙo. Goje yana kwance yana kallon sama, hawaye na bin fuskarsa. Ni kaina ya ba ni tausayi.

Mai hankali da tuni ya sulale. Amma Kurege ya hango tuwon gobe yana shirin kuɓuce masa, sai ya hau kan wani turmi a bakin fage yana gyara tabarau.

"Jama'a, ba laifin magani ba ne! Wani ne ya ba shi tuwo a ɓoye. A tambayi matarsa! Sai an sake sabon wanki, kuma wannan karon..."

Bai ƙarasa ba wata gyatsa ta ƙwace masa, gaaarr! Buhun fulawa ya yage tun daga wuya har ƙasa, ga tumbi ya bayyana yana sheƙi, ga jela ta faɗo.

Tabawa ta shaƙi warin gyatsar. "La ilaha! Wannan daddawata ce! Ni na daka ta da hannuna!"

Kura ta ce, "Har da yajin kilishina!"

Kurege ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, amma fa ya ci, don gudun ya ƙi sauri. Da kyar ya kai bakin raminsa ya cusa kai. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce sam. Goje da Kura suka iso suna haki, yunwa ta hana su ko ɗaga hannu. Amma Tabawa ba zoɓo ta sha ba. Ta zo da muciyarta ta tuƙa shi kamar tuwon biki, tana duka tana cewa, "Ga na safe! Ga na rana! Ga na yamma!" A bugun ƙarshe ya afka ciki, fut, ya bar rabin gashin jelarsa a waje.

Ya ɓulla ta wata kafa can bayan gari, yana ɗingishi yana dafe da ƙugu. Ya hau kan suri ya ɗaga murya.

"Ku dai ba ku da godiya! Na ce zan rage masa nauyi, ban rage ba? Kowa ya gani, da hannu ɗaya Gwanki ya ɗaga shi!"

Ya shige daji yana dariya yana wash, yana tambayar hanyar gidan Dorina.

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙulu.