Aljanun Kacallar Karakkai

Akwai wani mutum a Karakkai ta ƙasar Bunguɗu, sunansa Mannir. Shekara biyu bayan an ba Zamfara jiha ya samu aikin masinja a Gusau, ya kama ɗaki a Damba, ya koyi soka biro a aljihu. Shi ke nan, ko gishirin miya ne Mannir ya fi kowa sani.

A bayan gidansu akwai garke. Fitsarin shanu da ruwan wanke-wanken unguwa duk nan suke gangarowa, su ratsa wata 'yar fadama cike da kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, kafin su kai tafki. Rijiyar gidan tana gefen tafkin. Ba a taɓa sa wa kacallar lauje ba. An ce aljanu ne a ciki.

Wata Asabar Mannir ya iso da siminti. Mahaifiyarsa, Inna Juwairiyya, ta tarar da shi yana saran kacallar.

"Mannir, aje laujen ga."

"Haba Inna, wane aljani? Yanzu jiha gare mu. A Gusau kwata ake ginawa, ruwa shi wuce da gudu."

"Shi wuce shi tafi ina?"

"Shi dai wuce."

"Ni ban yi boko ba. Amma baƙi yake shiga ciyawar ga, fari yake fita."

Dariya ya yi. Kwana uku ya aske fadamar tas, ya zuba kwatarsa.

Ba a yi wata biyu ba tafki ya koma kore shar. Kumfa na ta ɓulɓulowa daga ƙasa, wari ya hana mutane cin tuwo a tsakar gida, karfasa suka taso ciki sama. Wani a ofis ya ce masa iska ruwan yake so. Ya aro injin ban-ruwa wajen surukinsa a Tsafe, ya riƙa zuƙo ruwan yana watsawa sama. Ga shi shekarar wahalar mai ce: ya yini a layi ya samo galan guda, inji ya lashe kafin la'asar, ya bar masa hayaƙi. Wari na nan.

Ruwan rijiya kuwa garau yake, ba wari. Shi ya yaudare su.

Matarsa Wasila tana goyon Mansura, 'yar wata huɗu, nono bai isa ba, ana dama mata koko. Mannir ya ba da doka irin ta masu ilimi: a tafasa ruwan sosai, har sai ya ƙone rabi.

Wata safiya Wasila ta ƙwala ihu. Leɓen yarinya ya yi kalar shuni, numfashi sama-sama. Mannir bai san yadda ya tuƙa babur ya kai su asibiti a Gusau ba. Yana dai jin Wasila a bayansa tana cewa, "Ba ta motsi, Mannir, ba ta motsi."

Bayan likitoci sun yi kan yarinyar, wata nas mai suna Dibora ta fito.

"Malam, da wane ruwa ake dama mata?"

"Na rijiya. Tafasasshe!"

"Akwai garke kusa?"

"Akwai, a bayan gida."

"Abin da ke cikin fitsari da kashin dabba, irin na takin zamani, shi ya tsiyaya cikin rijiyarku. Wuta ba ta kashe shi, ƙara masa ƙarfi take. Babba zai sha ya tashi, jinjiri kuwa jininsa ya kasa ɗaukar iska. Ba ciyawa tsakanin garken da ruwan? Saiwarta ke shanye shi, ba inji, ba mai. In babu ita sai ya ruɓe a tafki, tururinsa ya hau sama ya ƙara mana zafi."

Mannir ya tuna kacallar da ya aske. Ya zauna a ƙasa.

Allah Ya yi da sauran kwana, Mansura ta tashi. Ranar da suka koma gida ya hango Inna cikin laka har gwiwa, tana dasa saiwar kacalla da ta ɗauko a ka daga wata fadama.

"Inna, ashe ba aljanu."

"Ko guda babu."

"To don mi ba a faɗa muna gaskiya ba?"

Ta miƙe, ta dube shi. "Na faɗa maka, ka yi dariya. Amma mu ma da namu laifi. Tsoro munka ba ku, ba dalili ba. Cire takalmi. Ga diga can, fasa kwatar."

Damina biyu Mannir bai bari an ba Mansura ruwan rijiyar ba. Daga famfon garin gaba yake ɗauko mata, jarka biyu a babur.

Darasi: Kafin ka sare abin da ka tarar, tambayi aikin da yake yi, ko da mai amsar ba ta iya rubuta sunanta ba. Ku kuma manya, ku daina rufe dalili da tatsuniya, domin ranar da yaro ya daina tsoro, lauje zai ɗauka. Ku tura labarin nan ga duk wanda rijiyarsa ke kusa da garke ko kwata.