Ƙwayoyi Huɗu a Gwangwanin Sallau

Ku matso kusa, ga wata magana na kawo muku, sai dai ta zo da giɓi. Sunan garin ya ɓace mini. Na san dai gabas yake da inda na yi karantarwa, kasuwarsu kuma ranar Laraba take ci. Akwai wata tsamiya a bakin tasha da muke zama muna jiran mota, amma wannan ba ya cikin labarin. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku, hukunci kuwa naku ne.

A garin akwai wani mai haƙar rijiya, ana ce masa Sallau. Mutum ne wanda in ya sa diga a ƙasa ba ya haƙura sai ya ga ruwa. Wata rana dutse ya zame ya sare shi a ƙwauri, ciwon ya ƙi warkewa, har ya fara ruwa. Ya je wurin mai kemis aka ba shi magani, aka ja masa kunne ya sha har ya ƙare, kada ya tsaya don ya ji sauƙi. Da ma yana da nasa na hawan jini, da na ciwon jiki, da na ƙarin jini. Kwali ba ya jure laimar rijiya, don haka ya ɓare ƙwayoyin duka ya zuba a tsohon gwangwanin man zafi, ya watsar da takardun. Da launi ya san su: fara babba, fara ƙarama, ja, da rawaya.

Kwana goma sha wani abu da fara sha, zazzaɓi ya rufe shi. Idanunsa suka yi ja, ƙuraje suka feso masa a ƙirji da baya. Maƙwabta suka leƙo suka yi hamdala. A wajensu, in ƙuraje suka fito bayan shan magani murna ake yi, a ce dattin jini ne yake fita, kamar yadda ake murna in ƙyanda ta fito waje ba ta maƙale a ciki ba. Sallau ya ji daɗin maganar, ya ƙara ƙaimi. Leɓɓansa suka farfashe, maƙogwaro ya ƙi karɓar ko ruwa, amma sai ya jiƙa ƙwaya a kunu ya runtse ido ya tura. An ce ya sha har ya ƙare, sai ya ga bayanta.

Mata uku ne suka shiga lamarinsa. Ta farko ita ce yayarsa Tabawa, mai daddawa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta shigo ta tsaya a kansa, ba ta ko ajiye ƙwaryarta ba.

"Buɗe bakin nan in gani."

"Yaya, ciwon ne yake fita."

"Ta ido yake fita? Kai, ƙyanda ni na yi jinyarka, ƙarambau ni na zauna da kai. Wannan ban san shi ba. Kafin maganin ya zo, ko bayansa?"

Ya ce bayansa. Ta ce ya miƙo gwangwanin. Ya ƙi, ya ce ga rijiyar unguwa ya bari gaba shida ba a kai ruwa ba, sai ya warke da wuri. Tabawa ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta zare abinta. Wani dattijo maƙwabci ya ce za ta mayar da cuta ciki, ta kashe ƙaninta da hannunta. Ta ce, "Baba, in ta koma ciki a zo a kama ni, gidana ba ɓoyayye ba ne." Wata kuma ta ce ai sai a zuba ƙwayoyin a masai a huta. Nan ma ta ƙi. Ta ƙulle gwangwanin a bakin zane, ta tsayar da a-kori-kura, aka kwantar da Sallau a baya yana ta yi mata ƙorafi har bakin ƙaramin asibiti.

Ta biyu ita ce Malama Suwaiba, nas ɗin da ke aiki ranar. Layi ya yi tsawo, abokin aikinta ya hango daga nesa ya ce borin jini ne, a yi masa allurar ƙaiƙayi ya koma gida. Suwaiba ta ce a dakata. Ta sa safar hannu ta danna bayan Sallau da ɗan yatsa, sai fata ta zame kamar ta dafaffen tumatir. Sallau ya ga yadda fuskarta ta canja, a nan ne tsoro ya fara shigarsa.

Ta juye gwangwanin a kan farar takarda. Ƙwayoyi iri huɗu, babu suna ko ɗaya, shi kuma Sallau ba ya riƙe kwanan wata. Sai ta koma ƙirga masa da kasuwa.

"Malam Sallau, wannan jar, Laraba nawa kana sha?"

"Wannan tun kafin azumin bara."

"Rawayar fa?"

"Tsohuwar abokiya ce, ta girmi wasu yaran."

Fara ƙaramar ita ce ta hawan jini, shekara uku yana sha. Ta ware ta gefe, ta ce wannan ba a yanke ta haka kawai. Saura fara babba mai tsaga a tsakiya, wadda ya fara Laraba biyu da suka wuce. Ta buga wa mai kemis waya. Ya tsorata, ya ce shi bai tuna wani Sallau ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, ba kama ka zan yi ba. Suna kawai nake so, mutum na kwance a gabana." Sai ya faɗa: maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, daga dangin da ake kira sulfa. Ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe a saman takardar tura shi babban asibiti, ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Motar asibitin ta lalace tun jiya, sai ta fita bakin titi da fararen kayanta, ta tsaya a tsakiyar hanya har wata mota ta taka birki, aka sa Sallau a ciki.

Ta uku Sallau bai ga fuskarta ba sai bayan sati uku, domin an rufe masa idanu da bandeji. Muryarta ya fara sani. Sunanta Murjanatu, ita ce mai kula da ɗakin magani a babban asibitin. Fatar Sallau ta saɓule kamar wanda ya ƙone, likitan kuwa yana da marasa lafiya sun fi hamsin, sai ya rubuta man shafawa da aka saba shafa wa masu ƙuna. Takardar ta isa tagar Murjanatu tare da wasiƙar Suwaiba. Ta karanta duka biyun, ta rufe tagar, ta hau bene da kwalbar man a hannu.

Sallau yana kwance ya ji tana ce wa likitan, "Ranka ya daɗe, duba abin da aka haɗa man nan da shi. Shi ma ɗan gidan sulfa ne."

"Shafawa ne fa, Malama, ba sha ba."

"Mai fata ake yi wa shafawa. Wannan ina fatar?"

Can likitan ya ja numfashi, ya karɓi takardar ya soke, ya rubuta wani.

Sallau dai bai daina halinsa ba. Da ya ji ta matso ya ce mata ƙafarsa ba ta warke ba, ko za a raba masa farar ƙwayar biyu ya riƙa shan rabi. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce masa illar magani iri-iri ce. Akwai wadda ke zuwa daga ƙarfin maganin kansa, kamar mai hawan jini ya ji jiri in ya miƙe. Irin wannan an san da zuwanta, in an rage adadi ta lafa. Akwai kuma wadda jiki ne yake ɗaukar maganin a matsayin abokin gaba, ya tashi yaƙi har ya cinye kansa. Wannan ba ruwanta da yawa ko kaɗan, kuma ba a yin sulhu. "Taka ta biyun ce, kuma mafi muninta," in ji ta. "Rabi, kwata, ko lasa, duk ɗaya ne. Kai da gidan nan kun rabu har abada." Ta cika takardar rahoto ta aika inda ake tara irin waɗannan labarai don a kare wasu, ta kuma rubuta masa kati mai sunayen dukan dangin maganin, har da wani na zazzaɓin cizon sauro da ake haɗiye uku lokaci guda.

Sati biyar ya yi, ko shida, a nan ma na ɗan rikice. Faratansa suka zube suka sake tsirowa. Ya koma gida, ya sauka ramin nan da ya bari, bai fito ba sai da laka a hannunsa.

Bayan wata huɗu matarsa ta haifi 'ya mace. Sallau ya ce wannan yarinya da marainiya za ta tashi, don haka zai yi wa wadda ta tsayar da ransa takwara. A nan aka tsaya. Dangi suka ce Tabawa, domin da ta bar masa gwangwanin kwana biyu, da babu wanda za a kai asibiti. Abokan aikinsa suka ce Suwaiba, domin ita ta fitar da mai laifi daga cikin huɗu marasa suna, ta kuma hana a sallame shi da allura. Matarsa ta ce Murjanatu, domin da an shafa man nan, da aikin biyun farko ya tashi a banza a cikin asibitin kansa. Liman kuwa ya ce su dai daidaita kafin safiyar suna, shi suna ɗaya zai raɗa.

Sunan da aka sa na sani, ba zan faɗa ba sai kun gama. Abu ɗaya dai na je na tabbatar da kaina, don kada in ba ku zato. Na tambayi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce mini ba ta taɓa zama da sauran biyun sun yi shawara ba. Suwaiba da Murjanatu ma ba su san fuskar juna ba, rubutun hannu kawai ya haɗa su.

To, jama'a, yarinya ɗaya ce, suna ɗaya ne. Wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?