Kwana Goma Kafin A Rufe Rajista

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da yawa da suka wuce, wanda shugabansa ya kira shi ofis ya ba shi umarni, shi kuwa ya ce ba zai yi ba.

Sunansa Malam Haladu. Malamin motsa jiki ne a wata kwalejin horon malamai, kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejin. Shugaban kwalejin, Dakta Sabi'u, ya ce masa, "Ka je gidan iyayen ɗaliban nan uku, ka ce su bar su su tafi. Ka ce musu in jarrabawa ta zo za su dawo su zauna, babu abin da za su rasa."

Malam Haladu ya ce, "To, ranka ya daɗe, a rubuta mini a takarda, a sa hannu, in kai musu."

"Ka san ba zan rubuta ba. Wanda bai yi koyarwar gwaji ba, doka ba ta yarda ya zauna jarrabawa ba."

"Abin da hannunka ba zai rubuta ba, ranka ya daɗe, bakina ba zai faɗa ba."

Na ga wasu can baya suna murmushi, wai me mace ta sani a harkar ƙwallo. Ba ƙwallo na zo koya muku ba. Ku saurara ku ji yadda aka yi har magana ta kai nan.

A garin nan, a wancan lokaci, dattawa shashanci suka ɗauki ƙwallo. Uba zai tura ɗansa kwaleji don ya zama malami, sai labari ya iske shi an ga ɗan da gajeren wando yana guje-guje a fili. Saboda haka Malam Haladu ya ɗora wa kansa wata ƙa'ida. Duk iyawar ɗalibi, ba ya ba shi rigar wasa sai ya hau kekensa ya je gidan uban. In a ƙauye ne ya shiga motar kasuwa. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya gaishe da dattijo, ya ce, "Baba, na zo aron ɗanka ne. Zai buga ƙwallo, amma da takardarsa zai dawo maka." Uban ya ce, "Na ba ka amana." Shi ke nan. Ba shaida, ba rubutu. Shekara goma sha bakwai yana wannan, bai taɓa mayar wa wani uba ɗansa hannu wofi ba.

Filin kwalejin ba ciyawa, sai ƙaya da kashin awaki. Da toka suke ja layi. Ƙwallayensu huɗu ne, biyu sun sha zuwa wurin mai faci. A kan wannan filin ya haɗa ƙungiyar da ta ci kofin kwalejoji na shiyya. A wasan ƙarshe, wani ɗalibi mai suna Zubairu, mai buga lamba tara, ya zura ƙwallo uku shi kaɗai.

Cikin 'yan kallo akwai Alhaji Na'iya, shugaban wata ƙungiyar ƙwararru ta babban birni. Ya aika da mota aka ɗauko Malam Haladu, ya zaga da shi filinsu. Bawan Allah nan ya ga ciyawa shar, ana ba ta ruwa kamar lambu. Ya ga ƙwallaye cike da buhu, har ba a ƙirgawa. Kada ku ɗauka ransa bai biya ba. Shi ma ya buga ƙwallo da ƙuruciya, gwiwa ce ta tsayar da shi, kuma tun daga lokacin burinsa ɗaya ne, ya zauna a bencin ƙungiyar ƙwararru yana ba da umarni. Ya tuɓe takalmi ya taka ciyawar nan da ƙafarsa, ya daɗe a tsaye a kanta.

Alhaji Na'iya ya ce, "Koci, wannan filin naka ne. Ga gida, ga mota. Sai dai ka taho mini da Zubairu da golan nan da ɗan tsakiyar nan mai ƙafar hagu."

"Alhaji, wata huɗu ya rage su gama. Jibi-jibi za su fita koyarwar gwaji, su dawo su yi jarrabawa. A jira su wata huɗu."

"Kwana goma ya rage a rufe rajistar 'yan wasa. Hukumar gasa ba ta san wata huɗu ba."

"To in zo ni kaɗai, su biyo ni baɗi."

Alhaji ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Koci, kada ka ji haushi. Masu usur a wuya sun cika birnin nan, in na daga murya goma za su zo. Na aika wa iyayen yaran nan, kowanne ya ce sai abin da Malam Haladu ya ce. Shi ya sa nake son ka."

Malam Haladu ya dawo gida. Matarsa Lantana ta riga ta ji labari, don direban da ya zo ɗaukarsa ya baza shi a unguwa. Ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, an ce gidan da famfo a ciki?"

"An ce."

"Har da makarantar 'yan mata kusa?"

"Ban tambaya ba."

"Kai dai ba ka tambayar abin da ya kamata. Na tabbata ciyawa ka tsaya kallo."

Ya yi murmushi, don gaskiya ta faɗa. Sai ya gaya mata sharaɗin. Ta dubi kwanon da suke tara wa ɗigon rufi in damina ta yi. Ta ce, "Shekara goma sha bakwai kana cika wa 'ya'yan mutane alkawari. Naka 'ya'yan fa, wa ya yi musu?"

Ku lura da wannan, domin matar nan ba muguwa ba ce. Haƙƙinta ta tambaya.

Kashegari ne Dakta Sabi'u ya kira shi, domin Alhaji Na'iya ya yi wa kwaleji alkawarin motar bas in abu ya yiwu. A nan aka yi maganar da na fara gaya muku. Da Malam Haladu ya ƙi, shugaban ya ce, "Haladu, ana so a ɗaga ka, kana riƙe ƙasa. Ka san ni nake sa hannu a takardar ƙarin girmanka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Fita."

Ya fita, ya hau kekensa, ya tafi wurin mahaifin Zubairu. Malam Jatau sunansa, wankin hula yake yi a bakin kasuwa, bai taɓa shiga aji ba. Ya iske shi ya jera huluna a kan gungume suna shan rana. Suka gaisa. Dattijon ya ce, "Malam, wasu sun zo da babbar mota. Na ce musu ni ban san komai ba, na ba da amana. In ka ce ya tafi, ya tafi. Amma an ce zai iya dawowa ya karɓi takardar, ko?"

To nan ne wurin. Babu kowa a wajen, daga shi sai tsohon da ba ya karatu, wanda ko me aka gaya masa zai yarda. Kalma ɗaya ake nema. Ya ce "I", gida da mota da ciyawa su zama nasa. Ba ma sai ya ce ba, ya gyaɗa kai kawai ya isa.

Ya ce, "Baba, ba gaskiya ba ne. In ya tafi yanzu, takarda ta tafi. In ya zauna kuma, mai yiwuwa wannan damar ba za ta sake zuwa ba. Yaron ya iya, ban taɓa horar da kamarsa ba. Zai iya zama wani abu, zai kuma iya karyewa a wasan farko. Ban san gaibu ba. Kuma ka sani, ni ma an yi mini alkawarin aiki in ya tafi, don haka kada ka auna da son raina. Ɗanka ne."

Malam Jatau ya ɗauki wata hula ya juya ta, ya mayar. Ya ce, "Kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa riƙe alli. Ya zauna."

Haka Malam Haladu ya je gida na biyu, ya je na uku, ya faɗi magana iri ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Su ma suka ce 'ya'yansu su zauna.

Da yamma Zubairu ya tare shi a bakin fili, gaban sauran 'yan wasa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, ya fi Malam Haladu tsawo. Ya ce, "Koci, ƙafar nan tawa ce ko taka?"

"Taka ce."

"To me ya kai ka wurin Baba? Da ka yi shiru da na lallaɓa shi."

"Shi ya ba ni amanarka, shi zan mayar wa magana. Ban ɗaure ka ba, Zubairu. Ga tashar mota can."

"Ka san ba zan tsallake maganarsa ba. Ka sani, shi ya sa ka je." Ya cire rigar wasan ya ajiye a ƙasa. "Kai gwiwarka ta hana ka, shi ne kake so kowa ya zauna tare da kai."

Malam Haladu ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya kakkaɓe ta, ya hura usur ya ce sauran su ci gaba da zagayen fili.

Kwana goma suka cika, aka rufe rajista.

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ƙungiyar Alhaji Na'iya ta rushe, ko motarsu ta faɗi, ko bayan shekara wani babban kulob ya zo da ninkin abin da aka yi masa tayi. Haka aka saba rufe irin wannan labari don mai sauraro ya tashi da daɗin rai. Ni ba zan yi muku ƙarya a labarin mutumin da ya ƙi yin ƙarya ba.

Ƙungiyar ta ɗauki wani koci, ta sayi wasu 'yan wasa, ta yi kakar wasa mai kyau. Dakta Sabi'u ya karɓe ƙungiyar kwaleji daga hannun Malam Haladu ya ba wani, shi kuma aka mayar da shi duba tsaftar ɗakunan kwanan ɗalibai. Takardar ƙarin girmansa ta kwanta a ofis har shugaban ya bar kwalejin, wanda ya gaje shi kuma bai san da ita ba. In ya wuce teburin mai shayi a kan kekensa, sai matasa su ce, "Koci, ina motar? Ko tana wurin wanki?" Ya ɗaga musu hannu ya ce, "Tana tafe." Ya wuce.

Ɗaliban uku sun gama, sun karɓi takardunsu. Ba wanda ya sake nemansu, don a harkar ƙwallo shekara guda tana da tsawo. Zubairu ya zama malamin firamare a wani ƙauye, ya koyar shekara talatin, ya yi aure, ya rufa wa kansa asiri. Ko da ya tafi zai yi suna? Ko zai karye ya dawo ba ƙwallo ba takarda? Allah kaɗai ya sani. Abin da aka sani, bai sake gaishe da Malam Haladu ba. In sun haɗu a jana'iza sai ya koma wani sahu. Lantana ta zauna da mijinta har ƙarshe, ba ta sake tayar da maganar ba, amma ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Wani lokaci in ana sa wasan ƙwararru a rediyo, sai Malam Haladu ya tashi ya fita waje. Ya yi ritaya a matakin da yake, ya rasu a gidan haya.

'Yan'uwa, ga darasin, ba sai na lulluɓe shi ba. Amana ba ajiyar kaya ce kaɗai ba. In mutum ya yarda da bakinka har ya daina bincike, bakinka ya zama amanarsa. Kowannenmu yana da wanda ya yarda da shi haka. Ke ma'aikaciyar asibiti, tsohuwar da ke tambayarki ko maganin nan ya dace ba za ta je ta duba wani wuri ba. Kai malami, uban da ya ce "yaya yaron yake" ya ɗauki amsarka ya tafi da ita. Ke da kika yi karatu a gidan da ba wanda ya yi, duk takardar da ta shigo ke ake miƙa wa, abin da kika ce an rubuta shi ne aka rubuta. Ranar da amfaninki zai rataya a kan ki ɗan karkata musu magana, ranar ce jarrabawarki, kuma ba mai tsaron aji sai Allah.

Kada kuma wani ya ruɗe ku cewa gaskiya tana biya nan take. Sakamako na wurin Ubangiji, ba mu da shakka, amma bai yi mana alkawarin mu gan shi kafin kabari ba. Wanda zai tsaya, ya tsaya da saninsa. Bawan Allah nan ya rasa aikin da ya yi mafarkinsa tun yana saurayi, ya rasa wanda yake hannunsa, ya rasa jin daɗin da iyalinsa suka cancanta, ya rasa gaisuwar ɗalibin da ya fi so, kuma babu wanda ya zo ya ce masa na gode. Kuɗin tsayuwarsa ke nan. Ya biya duka, ba a rage masa komai ba. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya ba mu ƙarfin biyan namu in an zo karɓa.