Haƙorin da Aka Tono a Rijiya

Akwai wani manomi mai ƙarfi da dukiya, wanda in ya ga gonar maƙwabci sai yawunsa ya tsinke. Wannan ya ture masa iyaka, wancan ya sakar masa shanu cikin dawa, har mutanen unguwar suka gaji, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar duka ta zama tasa, sai ya ce zai haƙa rijiya a tsakiyarta. A garin kuwa ba a haƙa rijiya sai da gayya, to amma wa ya rage da zai gayyata? Ya shiga ramin da kansa, matarsa tana jan guga daga sama.

Da rami ya yi zurfi, sai dagi ya bugi wani abu. Ya ciro, ga baƙin haƙori ya fi tafin hannunsa, gefensa kamar zarto. Ya aika da shi sama cikin guga.

Ya ce, "Ashe gaskiyar kakanni, teku ya taɓa rufe ƙasar nan. Wannan na sarkin kifaye ne, mai cin 'yan'uwansa. Irina ke nan!"

Matar ta ce, "Maigida, in ya fi kowa ƙarfi, me ya kashe shi? Ka fito, hankalina bai kwanta ba."

Ya yi dariya, ya ci gaba da sarar bangon yana neman sauran. Sai bangon ya rufto, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Da ya buɗe ido, ga muƙamuƙin kifin a gabansa, haƙora jeri bayan jeri, faɗinsa sai bijimi ya shige. Bakin yana wangame, ba komai ciki sai yashi.

Ya kama igiyar guga, matar ta ja har tafinta ya saɓule, amma ina! Ta sheƙa cikin unguwa. Daga cikin ramin yana jin ta tana kiran mutanen da ya kora: "Baban Saratu! Malam Ayuba!" Ba mai amsawa, gidajen duk kufai ne. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya dubi bakin nan, ya gane abin da ya kashe mai shi, yashi kuwa yana ta zubo masa a kafaɗa.

Ya ku ƙaunatattu, ga ma'anar misalin nan. Kifin ba shi da magabci a teku, amma da ya cinye na kewaye da shi, yunwa ta ƙarar da shi har da zuriyarsa. Manomin kuwa shi ne duk mai girma ta wurin haɗiye na ƙasa da shi, a gona, ko a kasuwa, ko cikin ikilisiya. Allah bai ba ka maƙwabci domin ka cinye shi ba. Ranar da ƙasa ta rufto maka, hannunsa ne zai riƙe igiyar, in ka bar shi ya zauna kusa da kai.