Mai Tona Asiri da Ido a Rufe

An yi wani mutum a nan Birnin Kebbi, ba da daɗewa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada kowa ya tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi sujada yana tambaya. Wanda ya sani ya sani.

Iyayensa daga Ogbomosho suka zo, amma shi a nan aka binne cibiyarsa. In yana Hausa sai ka rantse Bakabe ne. Sana'arsa sayar da kayan gyaran injin ban ruwa. Yana da shago a nan, yana da wani a Argungu, manoman shinkafa na fadama duk sun san shi. Ba ya shan giya, ba ya neman mata, ba ya cutar mai saye. In ana maganar masu zunubi a ikilisiya, ba wanda zai tuna da shi.

Sannan Allah ya ba shi bakin addu'a. In ya miƙe a taron addu'a na ranar Laraba da yamma, ya ɗaga hannu, ya saki muryar nan tasa, sai ka ga tsofaffin mata suna share hawaye da bakin gyale. Kafin ya kai ƙarshen magana an amsa masa da amin. Saboda haka mutane suka riƙa kawo masa damuwarsu. Mai ciwo, mai rikicin aure, mai ɗan da ya gagara, kowa sai ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ka sa ni a addu'a."

To, ga inda ɓarnar take. Duk abin da aka faɗa masa a ɗaki, ranar Laraba zai fito.

Kada ku ɗauka a kasuwa yake yayatawa. Ina! Shi ne ma mai tsawata wa masu tsegumi. Nasa da tsarki yake yi. Sai ya rufe ido gam, ya ce, "Ya Ubangiji, ka dubi bawanka wanda ɗansa na fari ya shiga shan maganin tari, wanda ke zaune a unguwar Badariya kusa da mai niƙa, wanda ka ba shi aikin gwamnati."

Ya 'yan uwa, ina tambayar ku. Allah ne bai san Badariya ba, da sai an yi masa kwatance? Shi da ya san adadin gashin kanka, mai niƙa ne zai nuna masa gida?

Taron Laraba kuwa ya riƙa cika. Har waɗanda ba sa zuwa ranar Lahadi sai ga su, sun zo da wuri sun kama benci na gaba. Ido a rufe, kunne a buɗe. Ana cewa amin, ana taɓa na kusa da gwiwar hannu.

Akwai wata yarinya mai suna Somto, matar wani mai shagon magani da ake kira Chukwuebuka. Sun yi shekaru da aure ba haihuwa, dangin miji suna ta jifan ta da magana. Da suka je asibiti sai likita ya ce matsalar daga mijin take. Yarinyar nan ta rufa wa mijinta asiri, ta ci gaba da shan zagi a kan laifin da ba nata ba. Da abin ya yi mata nauyi, ta je wurin wannan mutum tana kuka, ta ɗauke shi uba, ta faɗa masa.

Laraba ta zo. Chukwuebuka yana durƙushe a cikin taro, matarsa tana ɓangaren mata. Mutumin nan ya miƙe ya roƙi Allah ya taɓa jikin wannan bawa nasa mai sayar wa mutane magani, wanda likita ya ce ba zai iya haihuwa ba.

Ba wanda ya ce amin. Chukwuebuka ya tashi a hankali, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya fita. Bai sake taka majami'a ba. Auren ya mutu kafin damina ta fita, aka sa Somto a mota aka mai da ta gidan iyayenta.

Mu da dattawan ikilisiya muka kira shi muka yi masa faɗa. Kun san abin da ya ce?

"Fasto, mi niy yi? Ba tsegumi nika yi ba, addu'a nika yi. In ba a hwaɗi ciwo ba, ta ina za a samu magani?"

Aka hana shi jagorancin taro. Amma in an ce kowa ya yi addu'a yadda Ruhu ya bishe shi, wa zai toshe bakin mutum a ce yana magana da Allah? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya koma ruwa. Hali zanen dutse ne.

Yanzu ku saurara da kyau. Wannan mutum yana da mata, sunanta Ebunoluwa, amma kowa Maman Yejide yake ce mata, da sunan 'yarsu ɗaya tilo. Mace ce mai kunya ƙwarai, irin waɗanda ko dariya sai sun rufe baki. A zumuntar mata ita ce mai shara da goge benci, ba a jin muryarta sai a waƙa. Ranar da aka tozarta Somto, ita ce ta rungume ta a bayan majami'a har ta daina shessheƙa. Ta ga abin da bakin mijinta yake yi, da idonta ta gani.

Wata rana tana wanka sai ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu.

Wa za ta faɗa wa? Mace in ta ga irin wannan, mijinta take fara gaya wa, ya ɗauke ta su tafi asibiti. Amma ita ta san in ta faɗa da safe, ranar Laraba za a ambaci ƙirjinta a gaban maza da samari da yaran da ta goya. Ta san in ta je asibiti a ɓoye, akwai 'yan ikilisiya masu aiki a can, labari zai kai masa. Sai ta haɗiye. Ta riƙa sayen saiwa da garin magani a wurin masu talla, tana shafawa, tana ɗaure ƙirji da tsumma. Suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, yana fita yana yi wa matan mutane addu'a, tasa tana ruɓewa a gefensa bai sani ba.

Aka yi rani, aka yi damina, aka sake yin rani.

Maƙwabciyarsu Maryamu, Musulma ce, matar wani manomin albasa, ita ta gano. Ta shigo aron turmi sai ta tarar da Maman Yejide tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi ɗaguwa. Ga kuma wani wari da turare ya kasa rufewa. Maryamu ba ta yi dogon tambaya ba, ta tare keke mai ƙafa uku ta kai ta asibiti. Likita ya duba, ya girgiza kai. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Ya ce da an zo tun farko, da an yi aiki an cire.

Daga bakin Maryamu mutumin nan ya ji. Shi da ya san ciwon kowa a garin nan, shi ne na ƙarshe da ya ji na matarsa.

Ya shiga ɗaki ya same ta. "Maman Yejide, don mi? Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Ta dube shi ta ce, "Baban Yejide, da na hwaɗa maka, da Laraba ta ji."

Ya zauna a ƙasa. Ta ce abu ɗaya take roƙo. Ta san tafiya za ta yi, ba ta ja da ikon Allah. Amma ya bar ta ta tafi da mutuncinta. In zai yi mata addu'a, ya yi a nan ɗaki, shi da Allah. Ya kama hannunta ya yi alkawari, har da hawaye.

Kuma na yarda ya yi niyyar cikawa. Ya durƙusa a ɗakin ya buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Ya gwada washegari, haka. Mutumin da ke kwarara addu'a kamar ruwan famfo, a ɗakinsa ko ɗigo babu.

Laraba ta zo, ya tafi taro. Aka yi waƙa, aka ce kowa ya yi addu'a. Ya ji shirun nan na mutane masu jira. Sai ya ji kalmomi sun cika masa baki, masu daɗi, irin waɗanda bai taɓa samu ba. Ya miƙe.

Ya faɗi komai, 'yan uwa. Ya faɗi wane ɓangare ne. Ya faɗi tsumman, ya faɗi warin, ya faɗi abin da likita ya ce. Yana kuka, jama'a suna kuka. Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin addu'a mai ratsa jiki irin ta ranar ba.

Kafin ya iso gida, mata sun riga shi. Suka cika ɗakin, ana sannu, ana satar kallon ƙirjinta. Maman Yejide ta ja zane ta rufe jikinta har wuya, ta juya fuskarta wajen bango. Da ya shigo ya kira sunanta, ba ta amsa ba. Ta yi magana da 'yarta, ta yi magana da Maryamu, ta yi magana da ni da na kai mata gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji. Amma shi, har ta cika ba ta sake ce masa uffan ba. Ko ruwa in daga hannunsa ne ba ta sha.

Bayan an binne ta, Yejide ta haɗa kayanta ta koma wurin dangin uwarta a kudu. Yana kiran ta a waya, ba ta ɗauka.

Shi kuma ya daina zuwa majami'a. Ba wanda ya kore shi. Ya rufe gidansa na nan Birnin Kebbi ya koma Argungu, yana kwana a bayan shago tsakanin tiyo da ƙarafa. Ciniki ya ja baya, domin mai saye zai zo ya yi ta sallama, yana zaune yana kallon hanya bai ji ba.

Na je na same shi wata ranar kasuwa da azahar. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Na ce mu yi addu'a. Ya ce in yi ni kaɗai.

"Fasto, ina son Allah. Ban taɓa jin ƙishinai kamar yanzu ba. Kullum sai na durƙusa. Amma in na buɗe baki, sai in iske ina saurare in ji wa za ya ce amin. In ba kowa, ba ni da abin hwaɗi. Shekarun ga duka, ashe ba da shi nika magana ba. Ban san shi ba, Fasto. Ban san ta inda aka hwarawa ba."

Na faɗa masa jinin Yesu ya isa wanke wannan ma. Na faɗa masa ko nishi ne Allah yana ji. Ya gyaɗa kai kamar mai jin labarin wata ƙasa. Na koma sau da yawa, amsar ɗaya ce. Zuciyata tana ciwo duk ranar da na baro shi, domin ban san abin da ya rage in faɗa masa ba. Ban ce an rufe masa ƙofa ba, ba ni da ikon faɗin haka. Amma yau yana can zaune, da ransa, ga ƙishi ga ruwa, ya kasa sha.

Ya 'yan uwa, darasin a fili yake. Asirin ɗan'uwanka amana ne, kuma rufe ido da ɗaga hannu ba sa mai da cin amana ibada. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In an ce ka sa ni a addu'a, ba a ce ka sa ni a bakin duniya ba.

Ku kuma masu saurare, kada ku ce ba ruwanku. Da benci bai cika ba, da bai samu wanda zai yi wa ba. Mai kunnen da ke jin daɗi da mai bakin da ke faɗa, kasonsu ɗaya.

Ubangijinmu ya umarce mu mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa in za mu yi addu'a. Kun ɗauka wasa yake? Ka gwada yau in ka koma gida. Ka rufe ƙofa, ba mata, ba yara, ba mai yaba maka. In ka samu abin faɗa wa Allah, ka gode masa. In kuwa ka tarar bakinka ya bushe, ka ji tsoro, ka zauna nan kada ka tashi, tun kana da sauran lokaci. Sannan ka tambayi kanka: mutanen gidanka, in ciwo ya kama su, kai za su fara gaya wa, ko kai za su fara ɓoye wa?

Ya Uba, ka tsare bakinmu daga cin naman 'yan uwanmu da sunanka. Ka koya mana yin magana da kai inda ba mai ji. Wannan bawa naka kuma, ka san inda yake, ba sai mun faɗa maka ba. Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.