Zomon da Rayhana ta sa wa lalle

Akwai wani ma'aikacin sakatariya a Gumel mai suna Abdulƙadir. Yana da mata, Saudat, da 'ya ɗaya tal, Rayhana, 'yar shekara bakwai. Saudat tana cikin matan da har yau suke riƙe da kunyar ɗan fari. Shekara bakwai ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Rayhana tana da wani farin zomo da kawunta ya kawo mata daga kasuwar Maigatari. Da Babbar Sallah da aka yi mata lalle, ta lakaci ragowar ta shafa masa a goshi, wai shi ma ya yi kwalliya.

Mako uku bayan sallah, zazzaɓi ya kama ta ranar Litinin. Ranar Alhamis aka kai ta makwancinta.

Abdulƙadir bai yi kuka ba. Masu ta'aziyya suka yi ta yabon tawakkalinsa, amma gaskiyar magana mutumin ba ya jin komai ne. A zuba masa abinci ya ci, bai san me ya ci ba. Ya je ofis, ya dawo, ya zauna. Ita ma Saudat haka.

Bayan kwana bakwai, mata 'yan uwa suka tattara kayan yarinyar, tufafi da takalma da jakar makaranta, suka rabar sadaka don kada uwar ta riƙa gani. Da kyakkyawar niyya suka yi, sai dai ba wanda ya tambaye ta. Zomon kawai aka manta da shi.

Ba mai ba shi abinci kan lokaci, ba mai kula shi. Sai ya kama haƙa rami a gindin katangar ƙasar da ke tsakaninsu da maƙwabcinsu Ilu. Wata safiya Ilu ya tare Abdulƙadir a ƙofar gida.

"Malam, ka yi haƙuri, ba don in dame ka cikin wannan hali ba. Damina ta kankama, zomon nan kuwa ya cinye gindin katanga. Ruwa ɗaya mai ƙarfi za ta zube."

Da ya faɗa wa Saudat, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ka fitar da shi daga gidan nan. Ba na son ganinsa."

Ya yanka? Wa zai iya cin naman? Ya ba wani? Ya san a tukunya zai ƙare. Sai ya yi tunanin da yawancinmu za mu yi: zomo ai ɗan daji ne, a mayar da shi daji.

Ranar Asabar ya sa shi a kwali, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Sule Tankarkar. A wajen garin Ɗanzomo ya ratse, ya ajiye shi kusa da wata sabara. Zomon bai gudu ba. Ya shinshina ƙasa, ya dawo ya kwanta a kan takalminsa. Abdulƙadir ya ture shi da ƙafa, ya tayar da babur, ya tafi.

Jama'a, zomon gida ba zomon daji ba ne. Fari fat a tsakiyar fili, bai san kare ba, bai san shirwa ba, bai san inda ake neman ruwa ba. Wanda ya sake shi a daji ya kashe shi ne, bai dai so ya gani da idonsa ba.

Ya yi nisa kaɗan sai ya duba ƙafarsa, ya ga farin gashi ya manne a takalmin. Ya tsaya a bakin hanya yana kallonsa. Shi kansa bai san dalili ba, ya juya babur.

Da ya iso sai ya tarar da wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta, sanda a hannu, wani kare yana gudu can nesa. Zomon yana naɗe a gefen zaninta, kunnensa ɗaya a yage yana jini. Sunanta A'i, rugarsu tana nan kusa.

"Kai ne ka yar da shi, na hango ka," in ji ta.

"Ni ne, Inna."

"Abin da ya saba ci a hannun mutum ka kawo wa karnuka? Ɗan nan, da ka sa masa wuƙa da ya fi masa sauƙi."

Ta juya zomon, ta ga jan da ke goshinsa.

"Wa ya sa masa lalle?"

"Mai shi. Ta rasu."

A'i ta ce, "Allah Ya ji ƙanta. Biyo ni."

A hanya ya ba ta labarin katangar da zomon ya haƙe. A ruga ta shafa wa kunnen man shanu. Ta jawo wata tsohuwar randa mai tsagewa, ta haƙa ƙasa a inuwar aduwa, ta binne ta a kwance, bakin yana waje. Ta kewaye wurin da kara da ƙaya, ta zuba dusa da ganyen wake.

"Cikin nan akwai sanyi, kuma ba katangar kowa da zai kayar. Je ka, na riƙe shi."

Duk aikin nan Abdulƙadir yana tsaye kamar an kafa shi. Ya yi godiya ya koma Gumel, bai faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Bayan wata biyu, wata la'asar Saudat tana shara ta kai gindin katanga, inda aka toshe ramin da dutse. Ta daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu.

"Malam, ina ka kai shi?"

"Wa?"

"Zomon. Sun kwashe komai, ko ɗankwali ɗaya ba su bar mini ba. Shi kaɗai ya rage, kuma da bakina na ce a fitar da shi. Ka yanka shi, ko?"

Ku tsaya ku yi tunanin amsar da zai ba ta da bai juya babur ɗin nan ba.

Washegari ya ɗauke ta har rugar. Zomon ya yi ƙiba, kunnen ya warke a karkace. Lallen ya kusa ɓacewa, saura ɗan tabo kamar na ɗan yatsa. Saudat ta durƙusa, ta ɗora yatsanta a daidai wurin.

A'i ta ce, "'Yar nan, ki ɗauki abinki in kina so."

"A'a, Inna, ya fi jin daɗi a nan. Ki dai bar ni in riƙa zuwa."

"Ƙofa a buɗe take. Yaya sunan yarinyar?"

Abdulƙadir ya buɗe baki zai amsa, kamar yadda ya saba amsa mata shekara bakwai. Saudat ta riga shi.

"Rayhana," in ji ta. Ta sake cewa, "Rayhana."

Ranar ce ta fara faɗin sunan, ranar ce kuma su biyun suka fara kuka. A'i ta koma gefe ta ci gaba da kaɗa nononta, ba ta ce musu su yi shiru ba.

Darasi: Dabbar da ka saba ciyarwa amana ce. In ba za ka iya riƙe ta ba, nemo mata hannun da zai riƙe ta, kada ka jefar. Kuma kada mu yi gaggawar kwashe duk abin da mamaci ya bari ba tare da mun tambayi wanda aka yi wa rashin ba. Abin da bai iya kallo yau, gobe shi zai nema. Ka tura wa wani wannan labarin, wataƙila akwai wanda zai juya tun bai yi nisa ba.